Jan Biro a Kan Taswirar Kasuwar Babura

Na yi aikin safiyo, wato awon filaye, shekaru masu yawa a wani ofishin filaye da ke Kazaure, kuma duk wanda ya zauna da masu irin aikinmu ya san muna da wata cuta guda, ba ma yarda da abin da ba mu auna ba. In ka ce mini gonarka babba ce, sai in tambaye ka taku nawa. Matata ta sha faɗa cewa ko tuwo ta ajiye a gabana sai na ƙare masa kallo kamar zan kafa masa turaku. Ina dariya in ta faɗi haka, amma wannan halin nawa ne ya kusa kai ni inda ba a dawowa da wuri.

Abin ya samo asali ne daga wata kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya ta hannu a Kano saboda aikin taswira. Wanda ya riƙe ta kafin ni ya bar wani wasa a ciki. Ni da na haura talatin, ga 'ya'ya biyu, ga gemu, ban taɓa zaton irin wannan abu zai kama ni ba. Wata Asabar da aka kawo wuta da rana na buɗe don in ga mene ne, ban ankara ba sai da na ji kiran la'asar.

A cikin wasan kai ne matuƙin wani ƙaramin jirgin yaƙi a sararin samaniya, babu ƙasa babu sama, sai baƙin fili da taurari da jiragen abokan gaba. Bindigar jirgin ba ta da wata dabara, sai ka juya hancin jirginka ya fuskanci wanda kake nufi sannan ka harba. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne wani bututun harba makami mai linzami da ake ɗaura wa jirgin a ƙarƙashin fiffike. Shi wannan ba ya bukatar ka fuskanci kowa. Abokin gaba yana gefenka, ko ma ya ɗan wuce ka, in na'urar jirgin ta kama shi sai ka danna. Makamin ya fita ta gefe ya miƙa kamar ya ɓata hanya, can sai ya lanƙwaso yana jan farin hayaƙi, ya bi jirgin nan duk inda ya karkata har ya cim masa. Ranar da na fara ganin wannan lanƙwasa sai da na ce kai, ni kaɗai a ɗaki.

Sai dai ba kullum yake samu ba. Wani lokaci ya lanƙwaso daidai, wani lokaci kuma mansa ya ƙare kafin ya gama juyowa, ya mutu a fili. Wani mai hankali sai ya ce sa'a ce ya ci gaba da wasansa. Ni kuwa abin ya tsaya mini a wuya. Na ce lallai akwai kusurwar da in ka wuce ta makamin ba zai iya juyowa ba, akwai kuma nisan da in ka gaza shi ba zai sami filin lanƙwasa ba, kuma sai na gano su. Na ɗauko ma'aunin kusurwa da jan biro na shiga aiki gadan-gadan.

A nan na yi kuskuren da babu mai yin sa sai safiyo. Ina bukatar takarda mai layuka gida-gida don in riƙa ƙirga nisa, a ofis kuwa akwai tarin tsofaffin kwafin taswira da suka lalace wajen bugawa, an jibge su a bayan kabad ana kunna wuta da su. Na kwaso dami guda. Na Roni ne, na Gwiwa ne, na Babura ne, ban duba ba. Wanda ya shekara goma yana kallon taswira yakan daina ganin gari a cikinta, layukan kawai yake gani. Sai in ɗiga alama a wani gida in ce nan jirgina yake, in sa gicciye a wani in ce nan abokin gaba yake, in ja jan layi mai lanƙwasa daga wannan zuwa wancan yadda na ga hayaƙin ya bi. A gefe kuma in rubuta abin da ya faru, da rubutuna mai kyau irin na ofis. Matata ta ce da ma haka nake ba aikin gwamnati muhimmanci da tuni an yi mini ƙarin girma.

A shekarun nan ƙasa ba ta zaune lafiya. Mu dai Allah ya tsare yankinmu, amma rediyo ba ta yini ba ta kawo labarin wata tasha ko wata kasuwa a wani gari mai nisa ba. An kafa shingayen bincike a hanyoyi, musamman waɗanda suka nufi iyaka. A sauke fasinjoji, a buɗe jakunkuna, a wuce. Mun saba har mun daina jin komai.

Wata rana da damina aka tura ni Babura in auna wani fili da magada suke jayayya a kansa. Na yi sammako, na tattara kayan aiki a gurguje, na zuba duk takardun da ke kan teburina cikin jaka, na aiki da waɗanda ba na aiki ba. Na shiga ƙaramar bas a tasha. Hanya ta yi daɗi, gero ya yi kore shar ya kai ƙugu, wata dattijuwa da ke kusa da ni har ta ɗebo mini dafaffiyar gyaɗa daga ƙullin zanenta. Mun wuce Achilafiya muna hira, muka iso shingen da ke kafin a shiga Babura wajen hantsi.

Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani matashin jami'i ya buɗe jakata, ya ga tef ɗin awo ya ajiye, ya ga littafin aiki ya ajiye, sannan ya zaro takardun nan a nannaɗe ya warware ta farko. Ina tsaye ina tauna gyaɗa. Na ga ya daɗe yana kallo, ya warware ta biyu, ya ɗago ya dube ni, ya ja baya taku biyu, hannunsa ya koma kan bindigarsa. Sai a lokacin na leƙa takardar, na gan ta da idon wanda ba safiyo ba.

Taswirar kasuwar Babura ce, an rubuta sunanta ɓaro-ɓaro a sama. Alamar da na ɗiga ta faɗa daidai kan tashar mota. Gicciyen kuwa yana tsakiyar rumfunan hatsi. Jan layi ya tashi daga tasha ya lanƙwasa ta bayan kara inda ake sayar da dabbobi, ya sauka a kan rumfunan. A gefe ga rubutuna: a harba daga nan. Kada a fuskanci wurin, a bar shi a hannun dama. Sakan shida ya isa. A ƙasa kuma na ja layi biyu ƙarƙashin wasu kalmomi saboda murnar da na yi ranar: wannan ya yi, uku sun mutu. Washegari kuma ita ce ranar kasuwar.

Ba a dake ni ba, ba a zage ni ba, kuma da an yi ɗaya daga ciki wataƙila da na fi samun sauƙi. Aka ce direba ya kwashi mutanensa ya tafi. Dattijuwar da ta ba ni gyaɗa ta ja mayafinta ta shige mota ba ta ko waiwayo ba, ban kuma ga laifinta ba. Ina kallo bas ɗin ta tashi da kujerata babu kowa. Aka karɓe wayata da takalmana, aka zaunar da ni a ƙasa cikin wata rumfar kwano da ke gefen hanya.

Shugabansu mutum ne mai furfura a gefen kai, daga tsakiyar ƙasar nan ya fito, Hausarsa ta nuna amma harshen bai gama karyewa ba. Ya shimfiɗa takardun a kan benci ya danne su da duwatsu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai makarantar firamare ta Gwiwa, akwai mai asibitin sha-ka-tafi na wani ƙauye a Roni, kowacce da jan layinta da gicciyenta. Ya tambaye ni su wane ne sauran mutanena. Na ce ba ni da mutane, wasa ne. Na shiga yi masa bayanin jirgi da taurari da makamin da ke fita ta gefe, ina magana ina jin yadda maganar take faɗuwa ƙasa. Ƙato da gemu yana zaune ba takalmi yana cewa yaƙi yake yi da jirage a sama. Ni kaina da wani ne ya faɗa mini haka da ban yarda ba.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, shi ya taɓa shiga kasuwa bayan irin wannan abu ya faru, kuma ba ya fatan ya sake. Ya ce ya riga ya sanar da na gaba da shi, za su turo mota bayan la'asar. In motar nan ta ɗauke ni, magana ta fita daga hannunsa, kuma bai san ranar da iyalina za su ji inda nake ba. Ya faɗi haka ne kamar mai faɗin farashin gero.

Na ce a taimake ni a bari a kawo kwamfutar, tana gida Kazaure, in nuna masa da idonsa. Ya dubi agogonsa. Ya ce mutum ɗaya zan kira, kuma a gabansa, kowa yana ji.

Mutum ɗaya nake da shi da zai iya wannan tafiya a saurare shi, Yayana. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni makaranta, shi ya nema mini aure. Ya yi aikin magatakarda a ofishin hakimi har ya yi ritaya ya koma gidanmu na Roni yana noma. Ban taɓa zama a kan kujera yana wuri ba, ban taɓa kama sunansa ba. Mutum ne da ko dara bai yarda babba ya tsaya kallo ba. Na rantse a wannan lokacin sai da na auna a zuciyata, tsakanin motar da ke zuwa da muryar Yaya wanne ya fi sauƙi. Tsoron motar ya rinjaya. Shugaban ya ɗauko wayata ya kira shi, ya buɗe murya ya riƙe mini.

Ya ɗauka, na gaishe shi, ya amsa ya tambayi iyali. Na faɗa masa komai a gaban mutum biyar masu bindiga. Da na gama sai ya ce:

"Wasa ka ce?"

"Wasa ne, Yaya."

"To. Ka ce wa masu wurin ina tafe."

Daga Roni zuwa Kazaure, a tsaya a karɓi kwamfuta, sannan a kamo hanyar Babura, na san nisan nan kamar tafin hannuna, kuma da ma ban sani ba. Na zauna ina lissafa shi a kaina, ina ƙara lokacin neman abin hawa, ina ƙara lokacin da matata za ta ɓata tana kuka kafin ta gane abin da ake nema. Kowane lissafi sai ya kawo ni dab da la'asar. Da azahar hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, na ƙara wannan ma a cikin lissafin, sai ya haura.

Na roƙi a bar ni in yi salla, aka ba ni buta, wani ya tsaya a kaina. Ban san raka'a nawa na yi ba. Da ruwan ya tsagaita motoci suka ci gaba da tsayawa, fasinjoji suna saukowa suna leƙen rumfar. Cikinsu na ga wani mutumin Gwiwa da na taɓa auna wa gona, wanda ya yanka mini zabuwa don murna. Idonmu ya haɗu, ya ga ƙafata ba takalmi, ya ga mai bindiga a bayana, sai ya sunkuya yana gyara igiyar akuyarsa har aka sallame su. A nan ne na fara tunanin 'ya'yana. Ko an sake ni bayan shekara, sunan da za a riƙa kiransu da shi a makaranta ya riga ya samu. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, na kifa kai a gwiwa na yi shi a hankali don kada a ji.

Duk ƙarar mota da ta taso daga nesa sai in ɗaga kai in leƙa hanya. An kira la'asar a wani masallaci can cikin gonaki, ban gama jin kiran ba sai ga babur ya tsaya. Yaya ne a bayan ɗan acaɓa, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne masa, hularsa ta lanƙwashe. Ya sauko da ƙyar saboda gwiwarsa. Ya zaro wani ƙunshi daga cikin rigar, leda ce a kan leda, a ciki kuma zanen matata, a cikin zanen kwamfuta, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ya gaisa da shugaban a mutunce, ya gaisa da yaransa ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi ko shi wane ne da inda ya yi aiki. Ni ko kallo ban ishe shi ba.

Aka ɗora kwamfutar a kan benci, na durƙusa a gabanta. Babu wuta a rumfar, cajin da ya rage kuwa bai taka kara ya karya ba, don na yi wasa da ita daren jiya ban mayar da ita caji ba. Ta daɗe tana buɗewa. Da wasan ya tashi sai kiɗansa ya cika rumfar, wani kiɗa mai tambura da ƙaho, ga Yaya a tsaye a bayana ruwa yana ɗiga daga rigarsa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Shugaban ya zaro takardar kasuwar Babura ya riƙe. Ya ce ba ya son ya ga jirage suna yawo, kowa yana iya sa wasa a kwamfuta don ya fake da shi. Abin da ke cikin takardar nan yake so ya gani, wannan lanƙwasar, da wannan sakan shidan. In na nuna masa, zai yi magana da na sama. In ban nuna ba, in rufe in jira mota.

Abin da na yi sau ɗari a ɗakina ina kishingiɗe, ranar nan ya gagare ni. Yatsuna suna zamewa a kan maɓallai. Jirgin abokin gaba ya bayyana, na'ura ba ta gama kama shi ba na danna, makamin ya fita ta gefe ya miƙa, ya miƙa, ya mutu a fili. Na sake, wannan karon garin neman in bar shi a hannun dama na manta da wani a bayana, ya buɗe mini wuta, fuskar kwamfutar ta yi ja, jirgina ya tarwatse. Matashin da ya kama ni ya yi tsaki. A ƙasan allon wata 'yar alama ta fito tana cewa batir ya kusa ƙarewa. Can daga hanyar gari kuma na jiyo ƙarar babbar mota tana canza giya.

Sai na ji muryar Yaya a kaina, maganarsa ta farko gare ni tun da ya iso.

"Ba kai ka rubuta takardar ba? To ka karanta ka yi abin da ka rubuta."

Na roƙi shugaban ya matso da ita. Na goge hannuna a wando. Na bi rubutuna layi-layi kamar ɗalibi a ɗakin jarrabawa, na bar jirgin ya zo hannun dama, na jira ya kai gida biyar yadda na zana, na jira na'ura ta yi ƙararta, ban yarda na dubi komai ba sai lambar kusurwa. Da ta kai na danna. Makamin ya fita ta gefe kamar ba shi da niyyar kowa. Matashin nan yana duban agogonsa yana ƙirgawa a fili, ɗaya, biyu, uku. A na uku hayaƙin ya fara lanƙwasa. Shugaban ya ɗaga takardar ya jera ta da allon, farin layi a nan, jan layi a can, lanƙwasa ɗaya suka yi. Yana cewa shida jirgin ya fashe, ya tafi da biyu da ke manne da shi. Ban kai ga sauke numfashi ba kwamfutar ta ɗauke.

Motar ta iso ta tsaya a bakin shingen, bayanta a rufe da tamfol, ba a ganin ciki. Shugaban ya tafi wurinta da takardun, ya daɗe yana magana da wanda ke gaba, ya koma gefe ya yi magana ta rediyonsa, ya sake dawowa wurin motar. Ni dai ina durƙushe inda nake. Da ya dawo bai yi mini magana ba, Yaya ya fuskanta. Ya ce shi kam ya gamsu ni wawa ne kawai, amma takarda ta riga ta shiga hannu, sunan kasuwa yana kanta, kuma babu wanda zai ɗauki nauyin sakina haka siddan. Sai in wani mai mutunci da adireshi zai tsaya mini a rubuce. Ya yago takarda daga littafinsa ya rubuta da hannunsa, ya miƙa.

"Baba, ka karanta da kyau kafin ka sa hannu. In wani abu ya faru a kasuwar nan, ko bayan shekara ne, ba shi za a fara nema ba. Kai za a zo a ɗauka."

Yaya ya ciro tabaransa ya goge da gefen rigar da ita ma a jiƙe take. Ya karanta sau biyu, tsohon magatakarda ne, ba ya sa hannu a abin da bai fahimta ba. Na buɗe baki zan ce kada ya yi, ya ɗaga mini yatsa ɗaya ba tare da ya juyo ba. Ya rubuta sunansa da na mahaifinmu da unguwarmu a Roni, ya sa hannu. Aka riƙe takardun da kwamfutar, aka ba ni wayata da takalmana. Muka wuce ta gefen motar nan, ina jin ɗumin injinta a ƙafata.

A bas ɗin da muka shiga zuwa Kazaure na shirya wa faɗa. Na tanadi haƙurin da zan bayar, na tanadi rantsuwar da zan yi. Bai ce komai ba. A tasha ya ce in je in kwantar wa iyalina da hankali, shi zai wuce Roni kafin magariba. Na yi sati ina jiran ya aiko a kira ni, bai aiko ba. Na je da kaina na durƙusa, ya tambaye ni lafiyar yara, ya yi mini zancen taki, ya sallame ni.

An sake ni, amma tsoron bai sake ni ba, sai ma ya sami ranarsa. Duk ranar kasuwar Babura ba na iya cin abinci. Ina ofis kunnena yana kan rediyo. Takardar da Yaya ya sa wa hannu ba ta faɗi mene ne wani abun da ake nufi ba. Gobara a rumfar mai wani abu ce, tayar mota ta fashe mutane su tattake juna wani abu ne, kuma kasuwar da ke bakin iyaka, wadda dubban baƙi ke shiga, wa ya isa ya ce ga abin da zai shigo ta? Sai rana ta faɗi ban ji komai ba nake samun barci, kwana shida, sannan a sake. An maido mini da kwamfutar bayan wani lokaci, na goge wasan ban ko buɗe shi ba. Na yi ta gudun duk aikin da zai kai ni Babura, har abokan aiki suka fara yi mini tsiya wai na ci bashin mai shayi a can.

Da kaka, bayan an yi girbi, magadan nan suka matsa, babu yadda zan yi, kuma suka ce sai ranar kasuwa za su haɗu duka. Na je. A shingen an canza mutane, babu wanda ya san ni. Ɗaya daga cikin magadan dillalin dabbobi ne, aka ce in same shi a kara, dole na ratsa ta cikin kasuwar. Ina tafiya ina kallon kowane buhu da kowane babur da aka jingine.

A layin masu igiya da tabarmi na hango wata hula da na sani. Yaya ne zaune a kan wani guntun benci, laima a jingine a gwiwarsa, carbi a hannu, yana bin masu wucewa da ido. Na tsaya cak. Mai rumfar da yake zaune a bakinta ya ga ina kallonsa, ya ce ai wannan dattijon tun damina ba ya fashin kasuwa. Daga Roni yake zuwa, ya iso da hantsi, ba ya saye ba ya sayarwa. Yakan zaga sau biyu ko uku, in ya ga kaya an ajiye babu mai shi sai ya tsaya a kai har mai shi ya dawo, sannan ya zo ya zauna nan sai an watse. Sun ɗauka ko wani ya ɓace masa yake nema.

Na ƙarasa na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar a zauren gida muka haɗu. Na ce Yaya, da wannan gwiwar, me ya kawo ka nan kowane mako?

"Na sa hannu a kan kasuwar nan," ya ce. "In abin zai faru, gara ya same ni a cikinta, da a zo a ɗauke ni a gaban iyalina a ce ƙanina ne ya yi."

Ban je wurin magadan ba ranar. Na zauna a ƙasa kusa da takalmansa, jakar aikina a cinya, muna kallon mutane suna shiga suna fita har rana ta yi sanyi aka fara naɗe tabarmi. Da zai tashi ya gwada sau biyu gwiwar ta ƙi, sai ya miƙo mini hannu in ɗaga shi. Na kama, na ji yadda ya rame.